Yadda Ake Gano Littafin Ilimi Mai Kyau a Fannonin da Ba Kowa Ya Damu da Su Ba

Samun littafi a kan siyasa ko sirrin arziki ba wuya, duk inda ka juya wani zai miƙo maka suna. Wahalar tana ga mutumin da hankalinsa ya tafi kan abubuwan da ba a cika magana a kansu ba: kiwon zuma, fataucin goro a zamanin da, taurarin da ake gani daga Arewa, tsuntsayen fadama, rini da baba, haɗa wutar sola. Idan irin wannan mutum ya ce a ba shi sunan littafi mai kyau, ko dai a yi masa shiru, ko a jero masa littattafan da suka yi tashe waɗanda ko kusa ba su taɓo abin da yake nema ba. Ma'aikatan laburare da ɗaliban bincike suna da hanyar da suke bi, kuma kowa zai iya koyonta.

Mataki na farko: matse tambayar

Yawancin shawarar da ba ta yi amfani ba, tambayar ce ta jawo. "Ina son littafi a kan noma" ba tambaya ba ce da masani zai iya amsawa, domin noma ya haɗa da kimiyyar ƙasa, da cututtukan amfanin gona, da tarihin dalar gyaɗa a Kano, da lissafin riba. Kafin ka tuntuɓi kowa, ɗauki takarda ka amsa wa kanka abu huɗu. Me za ka yi da ilimin: aiki za ka yi da hannunka, ko rubutu, ko kawai jin daɗin sani? Ina matsayinka a fannin: yanzu ka fara, ko ka riga ka karanta wani abu? Wane yanki da wane zamani? Sannan da wane harshe kake iya karanta shafi ɗari biyu ba tare da ka gaji ba: Hausa, Ingilishi, Faransanci ko Larabci?

Amsar tambaya ta farko ita ce ke raba hanya. Mai son kafa amya goma a bayan gari littafin aiki yake bukata, mai zane da awo da lokutan shekara. Mai son sanin yadda ƙudan zuma ke sanar da juna inda fure yake, littafin kimiyya yake bukata. Duka biyun "littafin zuma" ne a bakin mai kanti, amma wanda ya sayi na ɗaya a madadin ɗayan ya yi asarar kuɗinsa.

Mataki na biyu: tara kalmomin da masanan fannin ke amfani da su

Nan ne masu nema da yawa ke tsayawa su ce babu littafi, alhali akwai, kalmar ce ba su dace da ita ba. Laburare suna jera littattafai ƙarƙashin taken da aka tsayar, ba ƙarƙashin kalmar da ta fara zuwa maka ba. Kiwon zuma, alal misali, a tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana ƙarƙashin "bee culture", da Faransanci kuma "apiculture". Goro ana rubuta shi "kola" ana kuma rubuta shi "cola". Sunan Hausa kansa za ka same shi Hausa, Haussa a tsofaffin littattafai da na Jamusawa, Haoussa a na Faransawa. Fulani su ne Fulbe, su ne Peul. Damagaram ita ce Zinder. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a rubutun masana yakan zo a matsayin Uthman b. Fudi. Wanda ya gwada rubutu ɗaya kawai, rabin abin da ke akwai ya wuce shi.

Rubuta kalmomi biyar zuwa goma ga kowane fanni, ka haɗa da sunayen wurare da na jama'a. Idan fataucin goro kake bi, kada ka tsaya ga "goro". Ka ƙara Salaga da Gonja, wato Gwanjar da fatake ke zuwa a arewacin Ghana ta yau, da Asante inda goron ke fitowa, da sunayen rukunin fataken da suka shahara a harkar: Agalawa, Tokarawa, Kambarin Barebari. Kalma irin "Agalawa" ba ta kawo tarkace, duk abin da ta fito da shi na wanda ya san harkar ne.

Mataki na uku: samu littafi ɗaya na kirki, ka bar shi ya nuna maka sauran

Wannan ne ginshiƙin aikin, don haka a nan za a daɗe.

Fara da WorldCat, babban kundin intanet da ya tattara sunayen abin da dubban laburare na duniya ke ajiye da shi. Kyauta ne. Sa kalmominka, ka zaɓi littattafai kawai, ka duba abu biyu a kowane sakamako: taken da aka jera littafin a ƙarƙashinsa, da yawan laburaren da suka ajiye shi. Littafin da ɗaruruwan laburaren jami'o'i suka saya, ɗaruruwan ma'aikata ne suka ga ya cancanta. Wannan awo yana da rauni ɗaya da ya shafe mu: littafin da aka buga a Zariya ko Kano ko Yamai yakan fito da adadi kaɗan, ba don ba shi da kyau ba, sai don bai isa kasuwar waje ba. Kada a yi masa hukunci da wannan ma'auni.

In fannin sabo ne gare ka ƙwarai, nemi ɗan gajeren littafin share fage. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford tana da jerin Very Short Introductions tun 1995, ɗaruruwan ƙananan littattafai da masana suka rubuta don baƙon fanni. Masu Faransanci suna da Que sais-je? da aka fara a 1941, kowane ɗaya shafi 128. Amfaninsu na biyu ya fi na farko: a ƙarshensu akwai jerin abin da marubucin ya ce a karanta gaba, kuma wannan shawara ce ta masani da ka samu ba tare da ka roƙi kowa ba. Akwai kuma shafin Five Books, inda ake hira da masani a sa shi ya zaɓi littattafai biyar a fanninsa ya faɗi dalili. Dalilin ne abin karantawa.

Da zarar littafi ɗaya mai nauyi ya shigo hannunka, bi shi baya ka bi shi gaba. Bin baya shi ne buɗe manazarta da bayanan ƙasan shafi. Ka samu littattafai uku a fanni guda, ka ɗora manazartarsu kusa da juna, ka sa alama a kan duk sunan da ya fito a biyu ko a duka ukun. Waɗannan su ne ginshiƙan fannin, ba sai an gaya maka ba. A misalin goro, duk wanda ya yi haka zai yi ta cin karo da Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a Zariya a 1980. To amma littafin 1980 ba zai gaya maka abin da aka gano bayansa ba. Shi ya sa ake bin gaba: sa sunan littafin a Google Scholar, ka danna "Cited by" da ke ƙarƙashinsa, sai jerin duk waɗanda suka ambace shi daga baya ya fito. Taƙaita jerin zuwa shekara goma da suka wuce, ka ga su wa ke aiki a fannin yanzu, su wa kuma suka yi masa gyara.

Akwai kuma tsohuwar dabara da har gobe tana aiki: lambar kantar da aka jera littafi a kai. Laburare suna jera littattafai bisa fanni, saboda haka maƙwabtan littafin da ka samu 'yan uwansa ne. A tsarin Dewey, wanda aka ƙirƙiro a 1876 kuma laburaren jama'a suka fi amfani da shi, 297 Musulunci ne, 520 ilimin taurari, 598 tsuntsaye, 630 noma, 636 kiwon dabbobi, 638.1 kiwon zuma, 966.9 tarihin Najeriya. Yawancin laburaren jami'o'in Najeriya kuwa tsarin haruffa suke bi: S noma, SF kiwo, QB taurari, DT515 tarihin Najeriya, DT547 tarihin Nijar. Je ka tsaya gaban lambar, ka duba kanta ɗaya sama da ɗaya ƙasa. Minti ashirin a nan yakan fito da abin da bincike a waya bai nuna ba, musamman tsofaffin littattafan gida da ba su taɓa hawa intanet ba.

Mataki na huɗu: tambayi mutane, amma da tsari

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya. Ga abin da ya shafi tarihin ƙasar Hausa, akwai Arewa House a Kaduna, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu, da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai. Ga noma da kiwo, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, da NAERLS mai fitar da ƙananan littattafan wayar da kan manoma. Mai sha'awar tsuntsaye yana da cibiyar APLORI a Jos. Littattafan Larabci da na ajami kuwa, masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano sun san bugu da bugu fiye da yadda mutum zai zata. A laburaren jami'a, nemi ma'aikacin sashen bincike da tambayoyi, ba mai karɓar kati a ƙofa ba. Aikinsa ke nan, kuma ba a cika damunsa ba.

Saƙon da ake amsawa gajere ne kuma yana nuna ka yi naka ƙoƙarin. Ga samfuri:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin fara kiwon zuma da amya biyar a yankin Katsina. Na karanta ɗan littafin Agrodok na kiwon zuma a ƙasashe masu zafi, ya taimaka, amma bai yi bayani sosai ba a kan yadda ake hana ƙuda barin amya lokacin rani. Don Allah, wane littafi ɗaya ko biyu Malam zai ce in fara da su? Ina karanta Ingilishi, kuma zan fi son wanda zan iya samu a Najeriya ko a sauke a waya. Allah ya saka da alheri."

Duba abin da ke ciki: manufa, wuri, abin da aka karanta, giɓin da ya rage, harshe, da adadi. Neman ɗaya ko biyu yana tilasta wa masani ya zaɓa. Wanda ya ce "a turo min duk abin da ke akwai" aiki ya ɗora wa mutum, shi ya sa ake share shi. Idan an amsa, ƙara tambaya ɗaya: wane littafi ne ya yi suna a fannin amma bai kamata a dogara da shi ba? Amsar wannan takan fi ta farko daraja.

In fannoninka da yawa ne, kada ka zuba su duka a saƙo ɗaya ga mutum ɗaya. Masanin tsuntsaye ba shi da abin cewa a kan batirin sola, kuma in ya ga jeri mai tsawo, kunya za ta sa ya ba ka sunaye na jeka-na-yi-ka.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen samo kalmomin bincike, amma sukan ƙago sunan littafin da babu shi, su laƙaba shi ga marubuci na gaske. Duk sunan da suka bayar, sa shi a WorldCat. In bai fito ba, ɗauka babu shi.

Mataki na biyar: auna littafin kafin ka biya

Minti goma sha biyar sun isa, ko littafin na hannunka ko kana leƙa shi a Google Books.

Fara da bayan shafin take, inda shekara da bugu da maɗaba'a suke. Muhimmancin shekara ya danganta da fanni. Littafin tarihi na 1970 yana iya zama shi ne madogara har yau. Littafin sola da aka rubuta kafin batirin litiyum ya yaɗu zai yi maka lissafi da batirin ruwa kaɗai, na magani ko na doka da ya tsufa kuwa haɗari ne. Sai marubuci: me ya haɗa shi da fannin? Ba lallai digiri ba, wanda ya yi shekaru yana aikin da hannunsa ma masani ne, amma a ga alamar hakan. Sai fihirisa da manazarta. Littafin da ke zuba alƙaluma da da'awa ba tare da ya ce ga inda ya samo ba, ajiye shi. Daga nan buɗe fihirisa ka nemi abin da ka riga ka sani sosai, garinku ko sana'ar gidanku, ka karanta shafin. In ya yi kuskure a inda ka sani, babu dalilin yarda da shi a inda ba ka sani ba.

Abin da ya fi cutar da mai karatu a wannan yanki shi ne littafi mai kyau da aka rubuta don wata ƙasa. Littattafan zuma na Turai da Amurka suna kashe babi-babi a kan yadda ƙuda za su tsallake sanyin ƙanƙara, kuma suna magana ne a kan ƙuda masu sanyin hali. Ƙudan Afirka ta Yamma sun fi faɗa, kuma sukan kwashe su bar amya in an dame su ko abinci da ruwa sun yanke. Taswirar taurari da aka zana don Landan, mai digiri 51 arewa, za ta nuna tauraron arewa can sama, alhali a Kano, mai digiri 12, yana ƙasa-ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma akwai taurarin kudu da ake gani daga nan waɗanda taswirar ba ta ɗauke da su sam. Littafin wayarin na Amurka yana aiki da wuta mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce. Jagoran tsuntsaye dole ya zama na Afirka ta Yamma, ba na Gabas ko Kudu ba. Na doka kuwa, tsarin Najeriya ya samo asali daga na Ingila, na Nijar daga na Faransa. Saboda haka a littafin aiki, ƙara kalmar "tropics" ko "West Africa" ko "Sahel" a bincikenka, ka kuma duba ko awonsa da kilo da mita ne.

Wajen sharhi, taurarin maki da masu karatu ke ba littafi a shafukan Goodreads da Amazon suna auna daɗin karatu ne, ba gaskiya ba. In za ka karanta su, je ga masu tauraro uku, su ne sukan faɗi abin da littafin ya yi da abin da ya kasa. Sharhin da ya fi ƙarfi yana cikin mujallun masana, irin su Journal of African History da ke fitowa tun 1960. Buɗe asusu na kyauta a JSTOR, rumbun mujallun masana a intanet, sa sunan littafin, ka karanta sharhi biyu. Na Faransanci suna Persée, shi ma kyauta.

A kula da littattafan bogi da suka cika kasuwannin intanet: marubucin da ba a san shi ko'ina ba ya fitar da littafi goma cikin wata guda a fannoni daban-daban, babu manazarta, babu maɗaba'a. A 2023 masu nazarin naman kaza a New York sun yi gargaɗi a kan irin waɗannan littattafai da na'ura ta rubuta, domin kuskure a bambance mai guba da wanda ake ci yana iya kashe mutum. Duk fannin da ya taɓa ci, sha, magani ko wuta, sai an san marubuci an san maɗaba'a.

Mataki na shida: sa hannu a kansa

Fara da na kyauta na halal. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana sakin littattafan noma da kiwo a shafinta, jerin Agrodok na ƙungiyar Agromisa ta ƙasar Holan kuma an rubuta su ne don ƙananan manoman ƙasashe masu zafi, da Ingilishi da Faransanci. DOAB yana tattara littattafan masana da maɗaba'u suka saki kyauta. Tsofaffin littattafai, irin na matafiyan ƙarni na 19, suna Internet Archive da Project Gutenberg, na Faransanci suna Gallica, na Larabci suna al-Maktaba al-Shamila. Sashen aron sababbin littattafai na Internet Archive ya ragu sosai bayan ya faɗi shari'ar da maɗaba'u suka kai shi a Amurka a 2023, don haka in wani ya ce ya taɓa aron littafi a can amma kai ba ka gan shi ba, wannan ne dalili. Ɗalibi ko malamin jami'a ya tambayi laburarensu ko sun shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa ƙofar mujallu da littattafan masana.

In saye za a yi, yi amfani da lambar ISBN, mai alƙaluma 13 a littattafan da suka fito daga 2007, 10 a waɗanda suka gabata. Kowane bugu da lambarsa, saboda haka ita ce za ta hana a kawo maka tsohon bugu da kuɗin sabo. African Books Collective yana rarraba littattafan maɗaba'un Afirka, Karthala da L'Harmattan a Paris suna da yawa a kan Nijar da Sahel, AbeBooks kuma na hannu ne. Lissafa kuɗin jigila kafin ka yi murna da farashi, sau da yawa ya fi kuɗin littafin. Abin da Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ko kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, da ke Zariya suka buga, fara nemansa a gida, zai fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada a manta da kundayen digiri. A fannoni irin su rini, ƙira, dukanci, sunayen itatuwa da wasannin gargajiya, sau da yawa abin da ya fi zurfi ba littafi ba ne, kundin digiri na biyu ko na uku ne da ke ajiye a sashen harsunan Najeriya ko na tarihi a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri.

Ga mai fannoni barkatai

Ware shafi ɗaya ga kowane fanni, a littafin rubutu ko a Zotero, manhajar kyauta ta adana sunayen littattafai. A kowane suna rubuta marubuci, shekara, wanda ya ba ka shawarar, da dalilinsa cikin layi ɗaya. Bayan wata shida, dalilin ne zai tuna maka abin da ya sa ka rubuta sunan, shi ne kuma zai nuna maka wane mai ba da shawara ne nasa ke yin daidai.

A kowane fanni littafi uku sun isa farawa: na share fage, na zurfi wanda kowa ke ambata, da wanda ya saɓa wa na biyun. Kada ka buɗe fiye da fanni biyu a lokaci guda, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Littafin da ka kai shafi hamsin bai amsa tambayar da ka rubuta a mataki na farko ba, juya zuwa manazartarsa, kwashi sunaye biyu ko uku da suka fi kusa da bukatarka, ka mayar da shi kanta.